Amfanin Rage 'Ya'yan Lemo a Bishiya

Manoma sun san ba a barin gero cunkushe a rami ɗaya. Sai an rage shi sannan ya yi zangarniya mai kauri. Haka ma bishiyar lemo take.

Ganye shi ne ke dafa wa bishiya abinci da hasken rana. Daga wannan abinci ne 'ya'ya ke girma, kuma su yi zaƙi. Idan 'ya'ya suka fi ƙarfin ganye, abincin ba zai ishe su ba. Sai su fito ƙanana, dillali ya taya su da araha. A ƙasar Japan, masu noman tanjarin sukan bar ɗa ɗaya ga ganye 20 zuwa 25.

Yawan 'ya'ya yana da wata illar. Nauyi kan karya rassa. Bishiyar kuma takan gaji, ta kasa yin fure sosai a shekara mai zuwa. Shi ya sa wata bishiyar kan cika bana, baɗi ta tashi kusan babu komai. Tanjarin ya fi yin haka. Lemon tsami kuwa bai cika bukatar ragewa ba.

Bayan fure, bishiya takan zubar da 'ya'ya masu yawa da kanta. Mai lambu ya jira wannan zuba ta wuce. Idan 'ya'yan da suka rage sun kai girman goro, lokacin ragewa ya yi. Wanda ya bari suka girma ya makara, domin sun riga sun cinye abincin.

A fara cire ƙanana, da masu tabo, da waɗanda tsutsa ta huda. Inda suka yi cunkoso a reshe ɗaya, a bar ɗaya ko biyu. A tsinke a hankali kada a yage ɓawon reshe. Masu tsutsa a binne su cikin rami mai zurfi.

Sabon dashe kuwa, a cire duk 'ya'yan da ya yi cikin shekara 2 na farko, domin ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa.

Kwandunan bana suna iya raguwa kaɗan. Amma lemon zai fito manya, masu kuɗi a kasuwa, kuma bishiyar ta samu ƙarfin haihuwa baɗi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.