Ɗan haƙorin da ke juya maleji a giyabos ɗin Fijo 504

Duk wanda ya taso a Kakuri ko Barnawa ya san Fijo 504, tunda a nan Kakuri kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a 1975. Amma ba kowa ya san tana da ƙanwa 'yar tsere ba, wato 504 Coupé mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ta fito a 1969. Samfurinta mai injin V6 ne ya lashe gasar Safari a Kenya a 1978.

Abin da nake son mu duba yana ɓoye a wutsiyar giyabos ɗin waɗannan motoci, kusa da inda farfela ke shiga. Wani ɗan gare ne mai haƙora, bai fi babban yatsa ba. Shaf ɗin da ke fita daga giya yana juya shi, shi kuma ya juya wayar da ke tafiya har bayan agogon maleji. Allurar da direba ke kallo da lambobin kilomita duk a kansa suka dogara.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba a banza ake zaɓen yawan haƙoransa ba, sai an yi lissafi da aksul na baya da girman taya. Aksul ɗin a-kori-kura, wadda aka yi don kaya, ba ɗaya yake da na salun ba. Idan giyabos ya mutu, bakanike ya samo na Beljiyam a Panteka, ya zauna daram, giya na shiga lafiya lau, sai a jefar da tsohon da ɗan haƙorinsa a ciki. Shi ke nan, maleji ya fara ƙarya.

'Yan injiniya, ku ɗauko biro. A ce na asali haƙora 18 gare shi, aka sa mai 20. Zai riƙa juyawa a hankali, 18 bisa 20, kashi 90 cikin 100 ke nan. Direba na sheƙa kilomita 100 a hanyar Kachia, allura na nuna masa 90, kuma kowace kilomita goma lambobi tara za su ƙirga. Lokacin juyen mai ma sai ya zarce bai sani ba.

Ni a ganina wannan ya fi maleji matacce haɗari, domin matacce dai ba ka yarda da shi tun farko.

Masu tara tsofaffin Coupé a Turai kan sha wahalar neman irin waɗannan ƙananan kaya na asali, mu kuwa nan kilo ake auna su wajen 'yan gwangwan. Idan akwai 504 a gidanku, ka buɗe GPS na wayarka a miƙaƙƙiyar hanya, wani na tuƙi, ka gwada shi da allura. In kuma za a sauke giya, ka ce wa bakanike: "Oga, don Allah a ciro min na tsohon tukuna, a ƙirga haƙoran."