Shin Ko Kun San? Fim Ɗin Lincoln Na 1930

Shin ko kun san cewa mutumin da ya shirya fim mai magana a kan rayuwar Abraham Lincoln a 1930, ɗan wani kanar ne da ya yaƙi sojojin Lincoln ɗin? Sunansa D. W. Griffith. Mahaifinsa, Jacob Griffith, hafsa ne a rundunar 'yan tawayen Kudu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wani abin mamakin kuma, da darakta da shugaban duk haihuwar jihar Kentucky ne: Lincoln a 1809, Griffith a 1875.

Shin ko kun san wannan Griffith ɗin shi ne ya yi The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan ya kuma ci mutuncin baƙar fata? Sai ga shi bayan shekara 15 yana yabon shugaban da ya sa hannu a takardar 'yanta bayi ta 1863. Kada mai karatu ya yi saurin cewa tuba ya yi. Tun a fim ɗin 1915 ya nuna Lincoln a matsayin mai tausayin Kudu, wanda da ya rayu da an sassauta musu. A na 1930 ma Janar Lee, jagoran 'yan tawaye, ya fito da cikakkiyar kamala, kuma Henry B. Walthall, jarumin da ya kafa Klan a tsohon fim ɗin, shi ne ya dawo a matsayin hadimin Lee. Hali zanen dutse.

Shin ko kun san fim ɗin Lincoln shi ne cikakken fim mai magana na farko da Griffith ya yi? Shekara uku kacal ke nan da fitowar The Jazz Singer, wanda ya buɗe zamanin fim mai magana a 1927. Bayan na Lincoln, guda ɗaya Griffith ya ƙara, The Struggle a 1931, ya faɗi warwas a kasuwa, daga nan bai sake jan ragamar wani cikakken fim ba har ya rasu a 1948.

Wanda ya fito a Lincoln kuwa, Walter Huston, a Toronto ta Kanada aka haife shi. Gidansu gidan kyauta ne: shi da ɗansa John sun ci Oscar da fim guda, The Treasure of the Sierra Madre, daga baya jikarsa Anjelica ta ci tata.

Shin ko kun san mutum ɗaya, E. Alyn Warren, ya fito a matsayi biyu? Shi ne Stephen Douglas, abokin hamayyar Lincoln a siyasa, shi ne kuma Janar Grant, jagoran sojojin Lincoln. Jason Robards babba ya fito a Herndon, abokin aikin lauyan Lincoln. A 1991 ɗansa mai sunansa ya fito a Lincoln ɗin kansa.

Marubuci Stephen Vincent Benét, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1929, yana cikin waɗanda suka tsara labarin. Duk da haka an yi wa tarihi kwaskwarima. A daren 14 ga Afrilu 1865, fim ɗin ya tsayar da Lincoln a benen gidan wasan Ford yana jawabi, an haɗa gutsuren jawabinsa na Gettysburg da na rantsuwar zango na biyu, kafin John Wilkes Booth ya lallaɓo ta baya da bindiga. A zahiri kallon wasa ya je yi, bai yi wani jawabi ba.

A 1978 wani littafi ya jera fim ɗin cikin finafinai 50 mafi muni a tarihi. Ni dai ina ganin an zafafa: tafiyarsa ce ke da nauyi, amma Huston ya yi rawar gani. Haƙƙin mallakarsa ya riga ya faɗi, yana nan kyauta a intanet, ku kalla ku yanke naku hukuncin.