Tsara Bayanin Ƙa'idar Kwafar Rumbun Bayanai

Jama'a, duk ma'aikacin ofis ya san hatsarin fayil ɗin da ba shi da kwafi. Saboda haka ne a kan ajiye rumbun bayanai a kan kwamfutoci uku ko biyar, domin in ɗaya ta lalace sauran su ci gaba da aiki. Dokokin da injunan nan su ke bi don abin da ke cikinsu ya zama iri ɗaya, su ne ƙa'idar kwafi. To, kome ingancin ƙa'ida, in an rubuta bayaninta a hargitse, injiniyan da zai yi aiki da ita sai ya cike giɓi da zato, zato kuwa a nan asarar bayanan mutane ne.

Ga misali. A 1998 aka buga ƙa'idar Paxos ta Leslie Lamport, wadda ya tsara bisa siffar labarin majalisar wani tsibiri na ƙasar Girka. Lissafinta daidai ne, amma masana da yawa suka kasa gane ta, har ya sake rubuta ta a sarari a 2001. A 2014 Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka fito da Raft, suka kasa maganar kashi uku: yadda a ke zaɓen shugaba cikin injuna, da yadda ya ke aika wa sauran jerin ayyuka, da sharuɗɗan da ke hana a shafe abin da aka riga aka tabbatar. Sa'an nan suka taƙaita dokokin a shafi guda. A ganina wannan shafi ya yi rabin aikin.

Watau a fara da ma'anar kalmomi, a biyo da saƙonni bisa jerin aukuwarsu, ba bisa jerin haruffa ba. Inda marubuta su ka fi yin sakaci shi ne babin matsala. Lalle a faɗa ƙarara cewa cikin injuna biyar sai uku sun amsa kafin a ce rubutu ya tabbata, kuma me tsohon shugaba zai yi in hanyar sadarwa ta yanke ta dawo, ya tarar an naɗa wani.

A kuma bambanta abin da ya ke tilas, da wanda ya kamata, da na ganin dama, kamar yadda takardar RFC 2119 ta tsara wa ƙa'idodin intanet tun 1997.