Bayan An Saki Kibiya

 

Idan kaka ta yi, aka kawar da gero da dawa, maharban unguwar Mabera da sauran sassan birnin Sakkwato kan fara duba kwari da tsirkiya. Yawancin masu fita farauta yanzu bindigar toka da karnuka suke dogara da su, amma har yau sarautar shugabansu Sarkin Baka ce, kuma dattawan cikinsu za su gaya maka cewa harbi shi ne mai sauƙi. Aikin yana farawa ne bayan dabba ta ci kibiya ta ruga.

A Amurka, inda farautar barewa da baka ke da lokacinta da lasisinta, an daɗe ana neman dabarar wannan matsala. Da farko zare suka ɗaura wa kibiya, yana warwarewa daga jikin baka yayin da dabba ke gudu. Daga baya aka yi wata 'yar fitila a gindin kibiya, tana kamawa da an sake ta, kamar wadda ake kira Lumenok. Yanzu akwai Pro-Tracker, ƙaramar na'ura da ke rabuwa da kibiya ta maƙale a fatar dabba tana aika sigina, maharbi na biye da eriya a hannu. Wasu jihohinsu sun halatta, wasu sun hana.

To mu fa? Kibiyarmu kyauro ce marar gashi, da kan ƙarfe mai kunnuwa don kada ta zare. Ƙarfinta yana ga dafi. Ana daka 'ya'yan kwankwani, a dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, a shafa a wuyan ƙarfen. Dafin nan zuciya yake kamawa, shi ya sa gada ko barewa ba ta yin nisa sosai. Idan an same ta, a yanke naman da ke kewaye da raunin a jefar.

Sauran aikin na ido ne. Maharbi zai tsuguna inda dabbar ta tsaya, ya dubi jinin farko. Idan ja ne mai haske da kumfa, huhu aka samu, tana kusa. Idan ya yi duhu, hanta ce. Idan kuwa ya zo da ɗanyen tumbi mai wari, to ranar akwai tafiya. Rairayinmu yana shanye jini nan take, ga iskar hunturu na share sawu, don haka sai a koma duban ciyawar da ta kwanta, da ganyen sabara da jini ya goga, da inda tururuwa suka taru. Sawun da ƙafa ɗaya ke jan ƙasa ma magana yake yi.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Amurkawa. Su ana koya musu su dakata rabin awa, wani lokaci awoyi da yawa, dabba ta kwanta ta mutu kafin a bi ta. Maharbin Sakkwato ba shi da wannan sukunin, domin wuƙa na jiransa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san hukuncin: abin da ka harba, in ka riske shi da rai, ka yanka, in kibiyar ta kashe shi, a ci, muddin bai kwana a ɓoye ba, ko da yake akwai sassauci idan an tarar da kibiyar a makasa. Muhtasar na Halil ya ƙara da batun kibiya mai dafi: idan ba a tabbatar ko ƙarfen ne ya kashe ko dafin ba, ba a ci. Haka dabbar da ta faɗa ruwa ta mutu, ga shi kuma dabba mai rauni fadama takan nufa. Wato mai harbi da dafi tsere yake yi da abin da shi kansa ya shafa.

A ganina, da irin na'urar nan ta Pro-Tracker za ta shigo hannu da araha, maharbinmu zai fi Ba'amurke morarta, don shi minti biyar na iya raba masa halal da mushe. Sai dai da dala ake sayenta, batiri take ci, kuma an ƙera ta ne don kibiyoyin kamfani, ba kyauro ba. Kare mai hanci ya fi sauƙin samu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dazukan da ake samun manyan namun daji, irin su Gundumi ta gabashin jihar Sakkwato da Kuyambana a Zamfara, sun zama mafakar 'yan bindiga. Maharba da dama sun koma aikin sa-kai da gadin unguwa, yaran da ya kamata su bi su daji su koyi karatun jini kuwa zomo da zabo kawai suke gani a bayan gari.