Gubar dalma: maganin yana farawa daga ƙasar tsakar gida

A watan Afrilun 2024 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta sanar da ɓullar wata cuta a ƙaramar hukumar Isa. Yara, yawanci 'yan shekara 4 zuwa 13, cikinsu ya kumbura, ga zazzaɓi da amai da rama. A lokacin an ƙirga mutum 164 a mazaɓu shida, ciki har da Bargaja da Tozai da Turba, huɗu sun rasu. Sabon Birni ma ba ta tsira ba. Gwajin farko ya nuna dalma a jinin wasu daga cikin majinyatan, hukumar kuma ta ambaci haƙar ma'adinai da magungunan feshi cikin abubuwan da ta tarar ana hulɗa da su a yankin.

Duk wanda ya ji an ce dalma, Zamfara zai tuna. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Zinari ya yi tsada, magidanta suka riƙa kwaso dutse zuwa gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ke niƙa hatsi. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Cikin waɗanda suka kawo ɗauki akwai Farfesa Margrit von Braun, masaniyar injiniyancin muhalli ta Jami'ar Idaho a Amurka. Ita da Ian von Lindern suka kafa kamfanin TerraGraphics, suka shafe shekaru suna aikin tsabtace Bunker Hill, inda masana'antar narka dalma ta gurɓata garuruwa. Abin da suka koya a can shi suka kawo Zamfara: in ka ba yaro magani ka mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwo, ka yi aikin baban giwa. Sai aka bi gida-gida, aka kankare saman ƙasa da fartanya, aka kwashe a buhuna aka binne a wajen gari, aka zuba mai tsabta. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka riƙa ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare shi, saboda kuɗin aikin sun yi jinkirin fitowa.

Daga Isa zuwa Shinkafi ta Zamfara ba nisa, kuma matasanmu na zuwa haƙar zinari. Malam, in ka dawo daga rami, kada dutse ya shigo gida. Ka yi wanka, ka canja kaya kafin ka ɗauki ɗanka, a wanke kayan aikin daban. Injin da ya niƙa dutse kada ya sake ganin gero. Dalma ba ta wari, tafasa ruwa kuma ba ya kawar da ita. Tozalin dutse da ake sa wa jarirai ma sau da yawa cike yake da dalma.

Iyaye mata, yaron da ya fara farfaɗiya, ko yawan amai, ko cikinsa ya kumbura, kada a tsaya cewa iska ce. A kai shi asibiti, a gaya wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan, a roƙi a auna jininsa, da na 'yan'uwansa da suke wasa wuri ɗaya.