BABUR ƊIN DOGUWAR TAFIYA: ABIN DA YA KAMATA MATAR MAI MASHIN TA SANI

Ni dai na lura duk gidan da maigida yake da mashin, to uwargida tana da kishiyar da ba a ɗaura wa aure ba. Da sassafe ita ake fara gogewa, da daddare a shigo da ita soro a lulluɓe, in kuwa ta yi ɗan tari sai ki ga hankalin maigida ya tashi kamar yaron goye ne ba lafiya. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ya ce miki gobe zai tafi Damagaram ko Maiduguri a kanta, ke kuma ki wuni zuciyarki na dukan uku-uku, waya na ƙara ki zabura, alhali ba ki san komai game da abin da ya hau ba balle ki ce masa duba kaza kafin ka fita. Shi ya sa na ga ya dace yau mu bar zancen girki da kwalliya, mu leƙa gareji.

Su Turawa sun ware wani nau'in babur musamman don doguwar tafiya, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Gold Wing na kamfanin Honda da ke Japan. A 1975 ya fara fitowa, da inji mai silinda huɗu, ruwa ne ke sanyaya shi kamar mota, tankin mansa kuma a ƙarƙashin wurin zama yake don nauyi ya yi ƙasa. Ba shi ma da kaca, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. Abin mamaki tsirara ya fito, ba gilashin tare iska ba akwatin kaya. Masu sayensa a Amurka su ne suka riƙa kai shi ana ɗora masa waɗannan abubuwa, da kamfanin ya ga haka sai a 1980 ya fara fito da shi da su tun daga masana'anta. A 1988 aka mayar da silinda shida har da giyar baya, domin nauyinsa ya kai inda ƙato ba zai iya tura shi da ƙafa ba, a 2006 kuma aka sa masa jakar iskan nan mai fashewa ta tare mutum in an yi karo. Na yanzu nauyinsa ya kusa kilo 400. Kujerar mai zama a baya kuwa har da majingina, kai ka ce a falo kake.

A kan irin wannan babur ne wani mutumin Ajantina mai suna Emilio Scotto ya bar gida a 1985 bai dawo ba sai 1995, bayan ya yi tafiyar kilomita 735,000. Shekara goma cur! Budurwar da ya bari ba ta gaji da jira ta auri wani ba, ta same shi a hanya aka ɗaura musu aure a Indiya, ta hau baya suka ci gaba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai lissafin kayan da ya cinye ne: taya 86, batir 12, wurin zama 9, inji kuwa sau ɗaya tak aka canza. Kin ga ashe ba ƙarfin babur kaɗai ya kai shi ba, mutum ne da ba ya jira abu ya mutu kafin ya sauya shi. A nan gida ma a 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan a watan Afrilu a kan Honda, ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna.

To amma fa Gold Wing ɗan kwalta ne, ki sa shi a yashin Agadas ko burjin ƙauyenmu ki ga yadda zai kwanta kamar raƙumin da ya ƙi tashi. Babura masu doguwar ƙafa da babban tanki su ne na irin ƙasarmu, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu, Yamaha Ténéré da ya fito a 1983, sunan hamadar Tenere ta Nijar ya ci, saboda tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya sha ratsawa ta can. Tseren dai ya bar Afirka tun da aka soke na 2008, tun 2020 a Saudiyya ake yinsa.

Sai dai tun kafin a san da wani tsere, wasu 'yan mata biyu 'yan Ingila sun ratsa hamadar a kan babur. Theresa Wallach da Florence Blenkiron sun bar Landan ranar 11 ga Disamba 1934 a kan babur ƙirar Panther mai silinda ɗaya, an maƙala masa ɗan akwatin zama a gefe, yana kuma jan 'yar tirela a baya ɗauke da tanti da kayansu. Suka tsallaka teku suka sauka Aljeriya, suka fuskanci kudu. Hukumomin Faransa da ke riƙe da hamadar a lokacin sai da aka yi ta ja-in-ja da su kafin su bar su wucewa, don a ganinsu mata biyu su kaɗai mutuwa kawai za su je yi. Suka ratsa ta Tamanrasat, inda yashi ya yi laushi su sauka su tura, ga rana ga ƙishirwa. Kafin su isa Agadas injin ya lalace, a can suka zauna aka warware shi aka sake ɗaurawa, sannan suka gangaro ƙasar Hausa har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ina ma a ce na ga idon matan birni ranar da aka ce ga wasu mata sun ɓullo daga Sahara a kan babur! Ba su tsaya ba sai birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ranar 29 ga Yuli 1935. Abin da ya cece su shi ne dukkansu sun san inji ciki da bai, ita Theresa ma karatun injiniya ta yi. Ba su da bakaniken da za su kira, hannunsu ne bakanikensu.

Yanzu mu dawo kan namu. Maigidanki ba Gold Wing gare shi ba, ƙila Boxer ce ko Jincheng ko tsohuwar Honda CG125, amma in dai zai yi kilomita ɗari biyu da wani abu zuwa Damagaram, to ya zama matafiyi, kuma abin da ya kama waɗancan ya kama shi. Ita CG125 ɗin ma a 1975 aka fito da ita, bayan injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashe irin namu sun ga mutane na labta wa babur kaya kuma ba sa juye baƙin mai sai ya zama kamar kunu, sai suka ƙera injin da zai jure wulaƙanci. Amma juriya tana da iyaka. Waɗannan ƙananan injina baƙin man da ke cikinsu bai wuce kimanin lita ɗaya ba, iska ce kuma kaɗai ke sanyaya su, saboda haka in za a yi doguwar tafiya a juye tun a gida a zuba sabo, kuma a saya a rufe a galan ɗinsa, a bar na gefen titi da ake aunawa a kwalba wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado.

Bayan mai sai matatar iska, wato ɗan soson nan da ke tace ƙura kafin iska ta shiga inji. Lokacin hunturu nan da nan take toshewa, babur ya riƙa shan mai yana kasala. Wasu samari cire ta suke yi gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara gudu, ba su san yashi suke ɗura wa fistin ba, bayan 'yan watanni sai hayaƙi, sai a ce a yi ringi, kuɗin cefane ya tafi gareji. Ita kuma kaca ba a so ta ɗaure tamau, ba a so ta yi sako-sako. In aka taɓa tsakiyarta da yatsa ta yi wasa sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, ya isa. A wanke ta da kananzir kafin a sa mata mai, domin man da aka shafa a kan yashi shi ne yake zama kamar dutsen wasa wuƙa ya cinye haƙoran da take hawa. In haƙoran nan suka yi tsini suka karkata, a canza su tare da kacar lokaci guda, sa sabuwa a kan tsofaffi asarar kuɗi ce.

Taya kuwa ke da kanki za ki iya dubawa yana wanka. A gefen tayoyi da yawa akwai wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In kin ga 1219, to makon 12 na 2019 ke nan. Tayar da ta haura shekara biyar ko da zanenta na nan robarta ta fara bushewa, in kin duba za ki ga ƙananan tsage-tsage a gefe. Iska kuma da safe ake gwada ta kafin taya ta yi zafi, da ma'auni, ba da ɗan bugu da ƙafa ba. Tub ɗin da aka yi wa faci uku huɗu a bar shi don yawon cikin gari.

Na taɓa zama a garejin wani dattijon bakanike a unguwarmu ina jiran ƙanena, sai ga wani saurayi ya kawo sabon mashin fil, ya ce a cire masa maduban a kuma huda salansa. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, idonka na ƙeya ya fito ne?" Saurayin ya ce, "Haba Baba, ai yayi ne." Baba ya ce to ya kai wani wurin. Wallahi ya burge ni. Gyaran da ke da amfani ga matafiyi ba mai ƙara ba ne: a ƙara wa wurin zama soso, a sa fitila mai haske, a ƙarfafa kariya, a sa ƙarfen da ke kare ƙafa in an faɗi, in da hali a ɗora ɗan gilashin tare iska, domin iskar da ke dukan ƙirji awa uku tana gajiyar da mutum fiye da yadda ake zato. Kaya kuma a raba su gefe biyu daidai, mai nauyi a ƙasa kuma kusa da tsakiyar babur. Buhun da aka ɗaure can ƙarshen kariya yana ɗage tayar gaba, kan babur ya yi ta rawa, a kwana ya ƙi juyawa. A cikin jaka kada a rasa filogi, tub, famfo, sufana, filaya, wayar kuloci da ruwan sha.

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu babur wai birkin gaba kayar da mutum yake, har wasu su sassauta shi su bar shi haka nan. Gaskiyar magana in an taka birki nauyi gaba yake komawa, saboda haka a kan kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, kusan kashi 70 cikin ɗari. Damƙe shi da ƙarfi farat ɗaya, ko kama shi a cikin yashi ko tsakiyar kwana, shi ke kayarwa. Ana matsa shi ne a hankali tare da na baya.

Hular kwano kuwa ban san me ta yi wa mazanmu ba. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta a farkon 2009, a Kano har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka, aka yi ta dariya. Alhali alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaure igiyarta tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Ki ce masa, "Maigida, don Allah ka sa ko don yaran nan," ki miƙa masa ita da hannunki tare da makulli, zanna-bukar ɗin a sa a jaka in ya isa ya kafa. Ya fita bayan asuba, ya huta duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu shi da injin, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ya kama ta, kuma magariba ta same shi a masauki.

In kuma tare za ku tafi, to wani babban haɗari gare mu mata a kan babur a jikinmu yake. Gefen hijabi ko mayafi ko zani in ya sauka, kaca ko wayoyin taya su cafke shi, kafin ki ankara an fizgo ki ta wuya. A Indiya da matansu ke sa sari, doka ce babur ya fito da raga a gefen tayar baya, shi ya sa za ki gan ta a jikin wasu baburan da ake kawowa daga can, samari kuma su kwance ta wai ta ɓata wa mashin kyau. In na maigidanki ba shi da ita, mai walda zai ƙera masa. Murfin kaca ma a mayar da shi in an cire. Ke kuma ki sa wando a ciki, ki tattare hijabin ki zauna a kansa, ƙafafunki biyu a kan matakai, in ya karkata a kwana ki bi shi kada ki miƙe. Jariri kuwa a ba shi kuɗin mota shi da mai riƙonsa, ku haɗu a can.