Oksalat: gishirin da ke hana jini daskarewa a kwalbar awon sukari

Kwalaben da ake ɗibar jini a likita kowace da launin murfinta. Mai murfi ruwan toka ita ce ta awon sukari, kuma a cikinta akwai ɗan farin gari, haɗin sinadari biyu: oksalat na fotasiyom da fuluworur na sodiyom.

Oksalat gishiri ne a harshen masana kimiyya, amma ba na miya ba ne. Yana fitowa daga asid oksalik, wanda ɗan ƙasar Suwidin Carl Wilhelm Scheele ya haɗa daga sukari a shekarar 1776. Babban halinsa shi ne kama kalsiyom: da zarar sun gamu, sai su zama ƙwayoyin da ba sa narkewa cikin ruwa.

Jini ba ya daskarewa sai da kalsiyom. Idan oksalat ya kama shi, jinin zai zauna ruwa-ruwa har a kai shi ɗakin gwaji. Shi kuwa fuluworur, aikinsa hana ƙwayoyin jini cinye sukarin da ke cikin kwalbar. In babu shi, sukarin na raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, kuma zafi yana ƙara saurin abin. Jinin da ya daɗe a hanya cikin kwalbar da ba ta dace ba na iya nuna lafiya lau, alhali mai shi na da ciwon sukari. Sai dai ba a auna kalsiyom ko fotasiyom da jinin wannan kwalba, shi ya sa wani lokaci ma'aikacin ke cika kwalba biyu ko uku.

Akwai wasu ayyukan. Da oksalat na sodiyom ake tantance ƙarfin ruwan farmanganat, sinadarin nan da ake wanke salati da shi. Oksalat na amoniyom yana cikin launin da ake rina ƙwayoyin cuta da shi kafin a duba su a madubin likita. A masana'antu kuma, asid oksalik da gishirinsa suna cire tsatsa da tabon tawada, suna hasken katako, ana kuma amfani da su wajen rini da jima.

Halin da ke sa shi amfani shi ne kuma haɗarinsa. Wanda ya haɗiye shi, zai kama kalsiyom ɗin jininsa, ya lalata ƙoda. Mafi yawan tsakuwar ƙoda ma oksalat na kalsiyom ce. Yakuwa da alayyafo suna da oksalat, don haka likitoci ke shawartar wanda ya taɓa yin tsakuwa ya rage su, ya yawaita shan ruwa.

Masu aiki da garin cire tsatsa su sa safar hannu, su ajiye shi cikin mazubi mai suna, nesa da madafa da yara, domin a ido yana kama da gishiri ko sukari.